Kifin Da Ya Sa Aka Ƙaryata Ni

Ku 'ya'yana kun taso kun ji ana kirana Alhaji Mai Kifi, na kuma san wasunku sun ɗauka a da kifi nake sayarwa. Ban taɓa sayar da ko tarwaɗa ɗaya ba. Wasunku kuma sun jiyo wata maganar daga gidan Kawu Mamman, wai ubanku ya taɓa shirga ƙaryar da ta raba zumunci saboda fadama. Wannan ce take ci mini rai har yau, shi ya sa zan faɗi abin yadda ya faru tun ina da sauran numfashi. Wanda ya yarda na gode, wanda bai yarda ba ya bi layin kakanninsa na Ruwan Godiya, ai suna da yawa.

Mahaifiyata, Inna, tana da wa guda ɗaya da suke ciki ɗaya, sunansa Sale. Tun kafin a haife ni, a wata shekarar da fara ta cinye amfanin gona, wasu mutane suka zo da mota suna neman ƙarti masu ƙarfi da za su yi aikin gonar koko a hayin teku. Mutanenmu duk wani tsibiri na can Fanya suke ce masa. Kawu Sale ya bi su, ya ce damina biyu zai yi, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Da aka haife ni sai Inna ta sa aka raɗa mini sunansa, kuma tunda ba za ta iya kiran sunan wanta gatsau ba, sai take ce mini Yaya. Bayan rasuwar mahaifina ta koma gidan ubanta a Ruwan Godiya, inda Kawu Mamman, ƙaninsu da suke uba ɗaya, ya zama maigida. Kawu Sale ya bar fadamar shinkafa mai kyau, Inna ce ke sa a noma ta a ajiye masa rabonsa a rumbu, in ya fara lalacewa a yi sadaka da shi. Kowace kaka Kawu Mamman sai ya ta da maganar a yi wa Sale addu'ar mamaci a raba fadamar, kowace kaka Inna sai ta ce a nuna mata wanda ya wanke shi. Tana da wata ɗabi'a da duk unguwa ta sani. In ta yi shanyar hatsi kaji suka zo, ba ta korarsu yadda sauran mata ke yi. Sai ta buga cinyarta ta ɗaga murya: “Hoo-ya! Hoo-ya! Karrr!” Ni na taso ina ɗaukar abin shirmen tsofaffi ne, ban taɓa tambayarta inda ta samo shi ba.

A shekarun da kuɗin mai suka sauko ƙasar nan, har mai tura baro ya sayi rediyo, ni ina sayar da injin niƙa da takin zamani tsakanin Faskari da Daudawa. Kamfanin da nake sarin kaya a wurinsa ya ce zai kai dillalansa yawon shaƙatawa a jirgin ruwa daga Ikko, a zaga wasu tsibirai a dawo. Ni tun daga nan na fara zargi. Ban taɓa ganin Bature ya ba mutum abu kyauta ba tare da ya ɗaura masa igiya ba. Na yi niyyar in ce ba ni da lafiya, sai labarin ya kai kunnen Inna, ta aiko a kira ni.

“Yaya, an ce jirgin Fanya za shi.”

“Inna, tsibirai ne barkatai, ba wanda ya san wanne ne Fanyar.”

“To ka tahi ka duba mani su ɗaya-ɗaya. In ka iske kabari, ka zo ka gaya mani, in bar Mamman ya yi abin da ya ga dama. In kuwa ka iske shi da rai, kada ka ɓoye mani don tausayi ko don tsoron kowa.”

Na ce mata to. Ta ƙulla mini garin kuka da daddawa a tsumma, ta ce in ba shi. Na karɓa ne kawai don kada ta ji ba daɗi.

Jirgin nan gari ne guda, da benaye da fitilu da wani tafki da aka gina a samansa, Turawa maza da mata suna wanka a ciki ba kunya ba tsoron Allah. Ni da lalitata muke kwana, da ita muke tashi. Abinci kuwa, in ban ga ƙashin abu na gane shi ba, ba na ci. Wanda ya cece ni wani Banufe ne mai kawo abinci, sunansa Ndagi, yana jin Hausa rangaɗaɗau, shi yake gaya mini wannan naman rago ne, wannan kuwa kada ka taɓa. Kaɗaici ya sa bakina ya yi sako-sako, na ba shi labarin Kawu Sale, da sunansa da sunan garinmu. Ina gama faɗa na yi da-na-sani, don na ga yadda idonsa ya yi wani ƙyalli.

Wata safiya muka wayi gari a gaban wani tsibiri kore shar, duwatsunsa sun shige cikin gajimare. Aka ce yini ɗaya za a yi, wanda bai dawo ba kafin jirgi ya yi kuka na ƙarshe da la'asar sakaliya, ya zama ɗan gari. Ndagi ya riga kowa sauka. Garin ɗan ƙarami ne, gidaje masu fenti ruwan ƙwai da shuɗi duk sun koɗe, ga majami'a a tsakiya, ga mata a bakin hanya sun kasa ayaba da gwanda da wani abu mai ƙaya da ban san sunansa ba. Warin kifi da na koko mai tsami ya cika ko'ina, zafin kuma mai danshi ne, babbar rigata ta manne mini a baya. Yara da manya suna bina da kallo. Ina tsaye ina tunanin ta ina mutum zai fara neman wanda ya ɓata fiye da shekara talatin, sai ga Ndagi yana jan hannun wani tsoho.

“Malam Salihu, ga mutuminka. Kowa a nan Awusa yake ce masa.”

Na dubi tsohon daga sama har ƙasa. Gajeren wando ne a jikinsa, ba hula, ba takalmi, fatarsa ta yi baƙi ƙirin ta bushe saboda gishiri. Na ce a raina, wato har an gama ciniki, an samo mini kawu tun kafin in karya kumallo. Na yi masa sallama, ya amsa daidai, amma wannan ko aku zai iya. Hausarsa ta yi tsatsa, sai ya tsaya ya lalubo kalma kamar mai neman allura a cikin tabarma. Na ce mene ne sunansa, ya ce Sale. Na ce daga ina, ya ce Ruwan Godiya. Na juya na dubi Ndagi, ya yi murmushi, ni kuwa na ƙara matse lalitata. Sai na shiga yi masa tambayoyin da ban gaya wa Ndagi amsarsu ba.

“Wace rana kasuwar garinmu ke ci?”

Ya ce ya manta.

“Mi ke ƙofar gidanku?”

“Rimi,” in ji shi, “babban rimi.”

A ƙofar gidan kakana ba rimi, dalbejiya ce. Na ce a raina na kama ɓarawo. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tsohon bai roƙe ni komai ba, bai rungume ni ba, bai yi kukan da na shirya ganin ya ƙirƙiro ba. Shi ma kallon zargi yake yi mini, yana duban agogona da takalmina kamar ni ne aka aiko a kama shi. Bai tambayi kowa na gida ba, ko mutum ɗaya. Wannan ya ƙara tabbatar mini cewa bai san kowa ba. Can aka kira shi daga wani kwalekwale a bakin ruwa, ya ce aikinsa ya taso, shi ne mai hango wa Turawa ƙaton kifin nan da suke biyan kuɗi su gani. In ina da sauran tambaya, in shigo kwalekwalen.

Ni da ban taɓa haye abin da ya wuce rafin garinmu da damina ba. Na lissafa abin sarai: za su kai ni tsakiyar ruwa, su karɓe lalita, su ce wa Turawa santsi ne ya ɗebe ni. Amma na tuna fuskar Inna, na ga ba zan iya komawa in ce mata na ga wani ya ce shi ne, tsoron ruwa ya hana ni ƙarasa bincike ba. Na karanta abin da na sani na addu'a na shiga. Suka ɗaura mini wata riga mai kumburi a kan babbar rigata, na zama kamar buhun auduga, wata Baturiya tana ta ɗaukata hoto. Kwalekwalen mai inji ne, ya yi ta tsalle a kan ruwa har garin ya koma ɗan ɗigo a bayanmu. Na amayar da abin da ke cikina a teku. Aka kashe inji, aka zauna jira. Tsohon yana tsaye a goshin kwalekwalen, bai riƙe komai ba, ya kare rana da tafin hannu yana juya kai a hankali. Aka daɗe har Turawan suka fara gunaguni, ni kuwa na ce dama na sani, kifin ma ƙarya ne, duk garin 'yan damfara ne. Ina cikin wannan tunani sai tsohon ya buga cinyarsa da ƙarfi, ya miƙa hannu gabas, ya kwarara ihu:

“Hoo-ya! Hoo-ya! Karrr!”

Kowa ya juya inda ya nuna, ni kaɗai na juya na dube shi. Tsigar jikina ta tashi. Muryar Inna ce a tsakar gida, da bugun cinyar, da yadda ƙarshen yake karkarwa a kan harshe. Wannan ban gaya wa Ndagi ba, don ni kaina ban san abin faɗa ba ne. Sai da ruwa ya fantsamo mini a fuska na waiwaya. Wani baƙin tudu ya taso daga cikin teku, ya fi tirela tsawo, ya fesa numfashi sama kamar hayaƙin injin niƙa in an tashe shi da safe. Ga ɗansa a gefe yana bin sa, shi ma ya fi bijimi. Uwar ta ɗaga wutsiya mai faɗin rufin ɗaki, ta tsaya da ita a sama ruwa na zuba, sannan ta nutse ba gaggawa. Turawa suna ta ihu. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya halicci wannan, lalle irinsa ne ya haɗiye Annabi Yunusa. Na rarrafa zuwa goshin kwalekwalen, na kama ƙafar tsohon don kada in faɗa.

“Baba, wannan ihun, ina ka samo shi?”

Ya dube ni kamar na tambaye shi ina ya samo hancinsa. Ya ce na korar jan-baki ne, tsuntsayen nan masu cinye shinkafa. Suna yara, shi da ƙanwarsa ake ɗorawa a kan rumfar kara a tsakiyar fadama su tsare shinkafa, shi ya ƙirƙiro shi don ta daina gyangyaɗi. Sai ya sunkuyo kusa da ni ya ce:

“Tun safe nike tsoron in tambaye ka. Ladi... tana nan?”

Ku kun san ɗa ba ya kiran sunan uwarsa, ni ban taɓa furta shi ga Ndagi ko ga wani mahaluki ba. Na ce tana nan da ranta, ni ɗanta ne, sunanka gare ni. Ya zauna daɓas a gabana. Muka yi kuka ni da shi, ƙato da tsoho, Turawa suna tsammanin kifin ne ya taɓa mana zuciya, har wani ya dafa kafaɗata yana gyaɗa kai.

Da muka dawo tudu ya kai ni gidansa, ɗan ɗakin katako a bayan kasuwa. Yana da mata 'yar garin da 'ya'ya manya har da jikoki, ba mai jin ko “zo” da Hausa. Ya ce da aikin kokon ya ƙare ba shi da abin da zai koma gida da shi, kunya ta riƙe shi shekara ɗaya, ta riƙe shi biyu, daga nan sai aure ya ɗaure shi. Ya ce da ya gan ni da agogo ya ɗauka hukuma ce ta aiko a kwashe baƙi. Na ba shi ƙullin Inna. Ya kwance, ya sa hancinsa a cikin daddawar, ya daɗe bai ɗago ba. Da azahar ta yi na tsaya ina jin nauyin tambayarsa ko yana salla, sai na ga ya ɗauko buta. Ya ce in ja mu, rabonsa da ya bi wani salla tun yana saurayi. Bayan mun sallame na ce ya tashi mu tafi, zan yi magana da masu jirgi, ko nawa ne zan biya.

“In bar waɗannan kamar yadda na bar waɗancan? Sau ɗaya ya isa. Ka ce mata ina nan, ina cin abinci, ina salla. Fadama kuwa ta ci gaba da riƙo.”

Na roƙe shi har jirgi ya yi kukan farko. Bai canza ba. Ya raka ni bakin ruwa, ya ce in gaishe masa da rimin ƙofar gida. Na ce masa to. Baturiyar nan ta ɗauke mu hoto tare, ta yi alkawarin za ta aiko ta hannun kamfani. Har yau yana hanya.

Na iso Ruwan Godiya ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, zauren Kawu Mamman cike da mutane. Ba su bar ni na shiga wurin Inna ba, suka zaunar da ni, kowa yana son jin labarin teku. Ni kuma da zumuɗi na ce bari in bi abin daki-daki yadda ya faru, sai na fara da kifi. Na ce ya fi tirela. Aka dubi juna. Na ce yana fesa hayaƙi ta ƙoƙon kai, sai wani ya tambaya ko gas yake sha ko fetur. Na ce yana shayar da ɗansa nono kamar saniya, nan fa zaure ya kece da dariya, har da masu riƙe ciki. Malam Liman ya ce kifin Annabi Yunusa gaskiya ne, yana cikin Littafi, amma bai ji an ce an ajiye shi don dillalan taki su je kallo ba. Mutanen da babban kifin da suka taɓa gani bai wuce tsawon hannu ba, me za ka gaya musu? A cikin wannan dariyar na ce, kuma na ga Kawu Sale da ransa. Kawu Mamman ya gyara zama.

“Kifin ne ya amayo maka shi?”

Aka sake fashewa. Ya ce ina shaida, ina hoto, ina ko hularsa? Ya ce in mutumin Sale ne, mi ya hana shi biyo ni? Ya ce kowa ya gane dabarar, uwa ta aiki ɗanta ya ƙago mai rai don fadama ta zauna hannunsu. Na rantse, ya ce wanda ya rantse a kan kifi mai nono zai rantse a kan komai. Raina ya ɓaci, na gaya masa maganar da ɗa bai kamata ya gaya wa kawunsa ba, shi ma ya mayar mini da wadda ta fi ta. Kafin magariba yaran gari sun fara bina da Mai Kifi. Kakar da ta biyo baya dattawa suka zauna aka yi wa mai rai addu'ar mamaci, aka raba fadamar. Ni da Inna ba mu je ba, ba mu karɓi ko taki ɗaya ba. Tun daga nan gidanmu da na Kawu Mamman sai gaisuwar hanya, kuma kun ga yadda abin ya bi ku har yau. Na yi ta neman hanyar komawa tsibirin, kamfanin ya rushe, jirgin ya daina zuwa, Ndagi ban sake ganinsa ba. Da na iya yin shiru a zauren nan na ce ban ga kowa ba, da yanzu sunana Alhaji Salihu kamar kowane mutumin kirki. Amma ba haka aka aike ni ba.

A ranar dai, da na fito daga zauren na shiga cikin gida. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta kusa da shanyar gero, ta ji duk abin da aka yi, don katangar ba ta da kauri. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta tambaye ni hoto ba, ba ta tambaye ni kamanninsa ba. Na ce mata ya ce a gaida rimin ƙofar gida, ni kuwa ban san wani rimi ba. Ta ce aradu ce ta kayar da shi ina goye, aka dasa dalbejiya a gurbinsa. Sai ta dube ni.

“Da ya hango kifin, mi ya ce?”

Na miƙe tsaye a tsakar gida, da babbar rigata da girmana, na buga cinya na yi ihun da duk ƙarfina. Kajin da ke bakin shanya suka watse. Daga zaure na ji an sake kwashewa da dariya, ana cewa teku ta taɓa masa kai. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska, ta daɗe a haka, kafaɗunta na motsi. Da ta buɗe sai ta ce:

“To, alhamdu lillahi. Mai sunan yana nan, ya karɓi abinshi. Kai kuma mi na ji yaran can suna ce maka?”

Na ce, “Mai Kifi, Inna.”

“Tashi ka wanke hannu ka ci tuwo, Mai Kifi.”

Har ta koma ga Allah ba ta sake ce mini Yaya ba. Shi ya sa duk wanda ya kira ni da sunan nan, ko da izgili ya kira, nake amsawa.